Mil Ɗaya Ba Takalmi

Sisiliya, tunda kin ce Asabar ce tafiyar,
ga 'yan maganganu, ki ƙulle a bakin zane.

Jirgin ƙasa ba zai kai ki Walsingham ba.
A King's Lynn zai sauke ki, ya kama gabansa.
Daga nan sai bas zuwa Fakenham, sai wata kuma.
Ki san lokacin ta ƙarshe tun kafin ki sa ƙafa.
Ni ban tambaya ba.
Kuɗin tasi na wannan daren,
har yau in na tuna sai haƙorana su yi tsami.

Kada hantsi ya ruɗe ki,
sararin Norfolk ba ya riƙe alkawari.
Rigar ruwa a jaka, safa biyu.
Lema kuwa bar ta a gida, iska ta fi ta wayo.
Ki yi guzuri. Ƙauye ne,
masu shayi ma da wuri suke rufe ƙofa.

Wuraren ibadar biyu ne, ki ji da kyau.
Na cikin gari na Angilikan ne.
Can na fara faɗawa, na durƙusa,
na yi kukana har na ƙoshi,
sai wata tsohuwa mai sandar ƙarfe ta dafa ni,
ta ce namu yana gaba, mil guda, bayan gonaki.
"Amma hawayen," in ji ta, "ba sai kin kwashe ba.
Uwar ɗaya ce."

Namu ɗan ɗaki ne na dutse,
da kaɗan ya fi zauren gidanmu na Malumfashi.
Kada ki ce, "Wannan ne duka?"
Na faɗa, har yanzu ina jin kunya.
Kashe waya. Jira na gabanki ya fito.
Riƙe 'yan sulalla saboda kyandir,
da gora ƙarama ta ruwa mai tsarki,
ƙarama na ce, ke za ki yi dakonta.
Da tsakar rana na samu Misa
a babban cocin da ke gefe,
amma ki tambaya, lokaci kan sauya.

A nan ne mutanen dā suke tuɓe takalmi,
su taka mil na ƙarshe zuwa gari da tafin ƙafa.
Ba dole ba ne. Fada ba ya duba ƙafar kowa.
Na ce, ni da na girma ina zuwa rafi a kan ƙaya,
me kwaltar Ingila za ta yi mini?

Ashe ƙafa ma tana mantuwa.
Shekara tara cikin safa, ina juya tsofaffi a gado,
tafina ya koma na jinjiri.

Hanyar siririya ce, ki saurari mota.
Akwai wani ganye a gefe mai harbi kamar rina,
kada ki kauce cikinsa.

An binne Inna ranar Laraba ina aikin dare,
takarduna na hannun hukuma.
Ban zuba ƙasa ba, ban ga likkafani ba.
A tsakiyar mil ɗin, cazbi a hannu,
na kai "cike da alheri"
sai tsakuwa ta shige ni,
na ce, "Wayyo Inna!"
Ban san wadda na kira ba.
Tumaki biyu suka ɗago kai, suka koma kiwo.
Na ƙarasa ina ɗingishi, takalmi a hammata.

In kin isa gari, ki nemi benci,
ki goge ƙafa, ki sa busasshiyar safar.
Kada ki sayo mini komai,
gorata ba ta ƙare ba.
In dai kin kunna kyandir,
ki ce Lantana 'yar Barau, da ƙarfi kaɗan,
kunnenta na hagu ba ya ji sosai.

Sannan ki duba agogo.
Bas ba ta jiran mai addu'a.