Inci Ɗaya da Rabi

Ruwa bai ɗauke ba a Dolgellau tun Talata.
Tumakin Gwilym sun jeru a gindin katangar dutse
suna leƙena ta ƙofar gareji
kamar masu bin bashi.

Da safe na kwance baƙar bambar roba.
Noti takwas. Bakwai sun bi sifana salin alin,
na takwas sai da na nuna masa wuta.
Da ta faɗi, tim, kamar buhun siminti,
motar ta ɗan ɗaga hanci,
irin na wanda aka sauke wa kaya bayan doguwar tafiya.

Ƙirar saba'in da bakwai ce.
Ta Baba kuwa, wadda ya sayar a shekarar da aka haife ni
don rufin gida yana yoyo,
ƙirar sittin da biyar ce, ja wur,
da bamba ta farin ƙarfe
da mutum zai iya gyara gashin baki a cikinta.
Yanzu sunana yakan kuɓuce masa.
Ran nan ya kira ni Nesta, sunan mahaifiyata,
ya ce wa ya shafa wa motarsa baƙin leɓe.

Shi ya sa.

A Bala na samo tsohuwar bambar,
wajen wani mai yatsu tara
da ya naɗe ta cikin bargo kamar jinjira
ya ƙi rage mini ko fam ɗaya.
Na kawo, na ɗaga, na saita:
ramuka suka ƙi hawa.
Shekara goma sha biyu ke tsakanin rami da rami,
in kuma da tef za a auna,
inci ɗaya da rabi.

To, sai yanka, sai walda.
Tartsatsi ya huda mini safa,
shayina ya huce sau uku a kan jak.
Inda robar ta rufe shekara da shekaru
na tarar da tsatsa ta yi gida ta haihu.
Na kankare, na cike, na goge,
na yi ƙarya da fenti iyakar iyawata.

Sitiyarin ya fi ba ni wuya.
Na da faffaɗa ne, siriri,
da wayoyin ƙarfe kamar haƙarƙarin laima,
haƙoransa ba su san haƙoran wannan sandar ba.
Sai da na sa musu ɗan tsakani
kafin suka yarda suka gaisa.
Hon ya yi kuka ba wanda ya taɓa shi
har karen maƙwabta ya amsa.

Lahadi bayan coci na kawo Baba Emrys,
cikin kwat ɗinsa mai warin naftalin.
Ya zagaya ta sau ɗaya, a hankali.
Ya ga fuskarsa a bambar, ta miƙe, ta lanƙwashe,
bai ce komai ba.
Ya shiga. Hannuwa suka hau sitiyari da kansu,
ba su tambayi kai hanya ba.
Sai babban yatsansa ya fara lalube,
yana neman wani tsagi ta gefen hagu,
inda zoben Nesta ya taɓa ɓantarewa
ranar da ta ke koyon tuƙi a hanyar Barmouth.

Sumul ya ji.

"Ba ita ba ce," in ji shi.

Ruwa na ta dukan kwano.
Na tsaya da tsumma a hannu, ban san inda zan ajiye shi ba.

Ya fito, ya durƙusa da ƙyar,
ya runtse ido ɗaya yana bin layin ƙarfen.
"Wa ya yi waldar nan?"
Na ce ni ce.
"Carys," ya ce, "ta karkace ta dama.
Miƙo goma sha uku."

Na miƙa masa.
Hannuna ne ke rawa, ba nasa ba.