Ƙwan da Ke Renon 'Yan Tsaki

A Jega, bayan rumfunan albasa,
inda ɗakina na kwano ya jingina da katangar Gado,
na sauke kwali huɗu da magariba:
'yan tsaki ɗari biyu, marayu tun ƙyanƙyasa,
ba wanda ya san ƙanshin fuffuken uwa.
Uwarsu tana rataye a jikin waya,
gilashi ce, tana lilo in iska ta shigo.
Daga ƙwai suka fito,
ga shi ƙwai ne zai raine su.

Arzika mai gyaran wuta ya ɗaga shi saitin taga.
"Kulu, leƙa cikinsa kafin a kunna.
Kin ga siririn nan, kamar gashin gira
da aka murɗe, aka sake murɗewa?
Ƙarfe ne mai taurin kai.
Wuta na son wucewa, shi kuwa ya matse hanya,
kamar garke a bakin ƙaramar gada ranar kasuwa.
Daga turereniyar nan zafi ke tashi.
Kin san ƙarfe a maƙera:
ya yi ja, ya yi ruwan ɗorawa,
in zuga ta kai zuga ya koma fari.
To, maƙera ce wannan, an rufe ta a kwalba,
an zuƙe mata iskar da wuta ke ci,
don kada zaren ya zama toka kafin ki ƙifta."

Na ce, to ɗumin fa?
Ya yi dariya, ya kama hannuna ya kai ƙasan gilashin.
"In kin kasa goma, da kyar ɗaya ke zama haske.
Tara kuwa suna fita a ɓoye,
haske ne su ma, sai dai ya faɗa ƙasan ja
inda ido ba ya kaiwa.
Fata ke ganinsa.
Masu ilimin abin suna kiransa asara."

Marka ta kankama, kwana shida ba rana.
'Yan tsakina suka baje a ƙarƙashin asarar nan
suna barci, wuya a miƙe kan ɓuntun shinkafa.

Sai ɗana Nomau ya dawo daga Birnin Kebbi
da farin ƙwai guda uku a aljihun jaka.
Ya ga takardar kuɗin wuta, ya ji tausayina.
Ina gidan suna ya hau turmi ya canza.
Wannan ba shi da zare, in ji shi,
wani ɗan dutse ne ƙanƙane a ciki,
wuta ta taka shi ta sauka, sai haske ya zubo,
ba ƙuna, ba ɓarna.
Gaskiya ya faɗa.
Ɗakin ya yi tarwai kamar tsakar azahar,
kana iya tsince allura.

Da asuba na same su a kusurwa,
sun hau juna, sun danne juna, suna neman abin da babu.
Sha bakwai na kwashe a faranti.
Ba nauyi. Wannan ya fi komai ci mini rai,
yadda sha bakwai ba su kai nauyin kwanon gero ba.

Ban yi masa faɗa ba.
Farin ƙwan yana ɗakinsa yanzu, bisa littattafai,
can ya dace, can ya fi tsohon nesa ba kusa ba.
Tsohon kuwa shi da kansa ya mayar,
ya ƙona yatsa, ya sa a baki, bai ce komai ba.

Daren jiya ina zaune kan bokiti ina ƙirga su
aka ɗauke wuta.
Na ga zaren ya sauko daga fari zuwa ja,
ja ya yi duhu, ya ɓace,
amma gilashin na nan da ɗumi a tafina
kamar goshin yaron da zazzaɓi ya fara saki.
Na ba shi ɗan lokaci.
Sannan na tashi neman gawayi da kasko.