Kwalba Goma Sha Biyu

Ohaj ke tuƙa kwalekwale, ni ke riƙe da kwalba.
Duk tsayuwar wata muna barin Tirinkitat
zuwa inda rafin Baraka, in ya iso,
ke tofa ragowarsa cikin gishiri.

Sau ɗaya ya tambaya: me kike kamawa, Sittana?
Na ce manganis.
Ya ɗaga kwalbar ga rana, ruwa garau,
ya ce wannan kifi naki ba zai ƙosar da kyanwa ba.

Da sanyi babu komai, ko kusan babu.
Iska na kaɗa teku, ruwa na shaƙa har ƙasa,
ƙarfen ya kwanta cikin laka
ya yi baƙi a jikin kwanson kawa,
a saiwar itatuwan shura,
kamar tsohon hayaƙi a gindin tukunya.
Na rubuta lamba ƙarama, na hura yatsuna.

Sai zafi.
Ruwa ya tsaya cik, kifi na hamma a sama,
taɓo na warin ruɓaɓɓen ƙwai.
Can ƙasa numfashi ya ƙare,
abin da aka binne ya kwance ɗamara,
ya narke, ya tashi,
ba launi, ba ƙara.
Ido bai gani. Allurar na'ura kaɗai ke rawa.

A kwalba ta takwas ambaliya ta sauko daga duwatsu
ja wur, da kara, da takalmin wani yaro.
Ta dama komai.
Lissafina na wata bakwai ya rikice,
Ohaj kuwa murna yake, dawarsa za ta sha.

A wannan fitar ce, ba tare da na tambaya ba,
ya ambaci ƙanensa Adarob
da ya fita da koma shekara tara da suka wuce.
Ya faɗa yana kallon filafili.
Ban rubuta ba. Babu gurbinsa a takardata.

Yanzu iska ta juyo daga arewa.
Lamba na sauka, laka na karɓar kayanta,
Ohaj ya koma zancen tsadar gahawa.
Na liƙa takarda a kwalba ta ƙarshe.
Abin bai tafi ko'ina ba, na sani,
yana nan taku uku ƙarƙashin kwalekwalenmu,
yana jiran ruwa ya sake rasa numfashi.