Sunan Tsuntsu

Mun bar Agege kafin mai shayi ya hura wuta,
yara talatin da biyu, da ni, da direba,
da jarkar ruwan da ba ta kai gadar farko ba.
Awa uku cikin cunkoso,
hayaƙin motoci na shiga har aljihu.

A ƙofar gandun mace ce ta tarbe mu,
kakinta ya koɗe, takalminta ya sha taɓo.
Ta ce sunanta Morenike,
shekara goma sha ɗaya tana gadin itatuwa.
Muttaka ya tuntsire: "Su ma satarsu ake yi?"
Ta ce, "Da dare, da zarto. Biyo ni."

Muka hau gadar katako, ɗaya bayan ɗaya.
Ruwan ƙarƙashinmu baƙi, kamar shayi ba madara.
Itatuwa tsaye bisa saiwoyinsu
kamar dattawan da suka tattare wando za su haye rafi,
hira ta yi daɗi, suka manta.
Ƙaguwa ta ɗaga mana hannunta mai girman,
ta koma rami da baya.
Biri ya fizge biskit ɗin Sahura,
ya zauna yana ɓare leda kamar ɗan gari.
Sahura ta ce Allah ya isa.

A tsakiyar gada ta tsayar da mu.
"Wa zai ba ni shiru na minti ɗaya?"
Yaran da aka haifa a gefen layin dogo,
waɗanda janareto ke yi wa waƙar barci,
suka kame baki da tafin hannu.

Ɗigon ruwa daga ganye.
Wani abu ya yi tsulum.
Kwaɗo ya gyara murya, ya fasa.
Iska ta bi ta cikin tukurwa.

"Me kuka ji?"
Zakiru ya ce, "Na ji tifa."
Yara suka fashe da dariya, ita ba ta yi ba.
"Kunnenka ya fi nasu. Yashi take juyewa.
Bara ba a jinta daga nan."

Can gaba, inda ruwa ya buɗe,
wani tsuntsu tsaye da ƙafa ɗaya,
toka-toka, dogon wuya, bai kula mu ba.
Ta faɗi sunansa da Turanci,
ta faɗi da Yarbanci,
ta ciro ɗan littafi daga aljihun gaba:
"Ku fa, me kuke ce masa?"

Ido sittin da huɗu suka juyo kaina.
Ni da na yi wayo a bakin fadama,
ni da na sha korarsa da hoge,
shekara ashirin a Ikko sun zauna mini a kan harshe.
Na buɗe baki, ba kowa a ciki.

Sai Bara'atu, ta kujerar baya,
wadda ban san muryarta ba tun zangon farko,
ta ce, "Zalɓe.
Haka kakata ke kiran yayana, saboda ƙafafunsa."

Morenike ta gwada, ɓ ɗin ya ƙi bakinta.
Ta durƙusa, ta miƙa biro.
Yarinyar ta rubuta a hankali,
ta lanƙwasa kan harafin
daidai yadda tsuntsun ya lanƙwasa wuya.
Shi kuwa ya tashi abinsa,
ba ruwansa da wanda ya tuna.

A hanyar komawa duk sun yi barci,
taɓo ya bushe a safarsu.
Mun maƙale a bayan wata tifa.
Ina ƙirga da yatsa, leɓena na motsi:
zalɓe, balbela, shamuwa, carki,
suda, gauraka, kurciya...
Direba ya ɗauka lazimi nake,
ya rage rediyo.