Babur ɗin Mai Madara

Wata goma sha huɗu ina ɗinka hannun riga
a masana'antar da ke bakin Boyolali,
hannun hagu kawai, na dama aikin wata ne,
ina cusa rupiya cikin gwangwanin biskit
har murfin ya fara ƙin zama.

Yayana Danang ya ce, Ratih, ki ɗauki sabo a shago,
ki riƙa biya wata-wata.
Na ce bashi ba ya barci,
ni kuwa ina son nawa barcin.

Ran Lahadi muka hau zuwa Cepogo,
inda gajimare ke saukowa ya kwanta a gonar taba,
shanu na leƙe ta bayan ɗakin girki.
Bu Sumini ta janye buhunan da ta lulluɓe shi da su.
Ga shi nan.
Ya girme ni da shekara shida.
Ja ne, in ji ta. Ni dai kalar kwanannen shayi na gani.
Madubi ɗaya, sirdi ɗaure da roba,
mita ta tsaya a lambar da ba mai yarda da ita,
kaza ta ajiye ƙwai biyu tsakanin taya da bango.

Danang ya tsuguna kamar likita,
ya ja sarƙa, ya shinshina baƙin mai,
ya kwance fulogi ya hura,
ya raɗa mini cewa salansa ta ruɓe,
birkin baya kuma sai addu'a.
Tsohuwa ta ji. Ta ci gaba da ɓare tafarnuwa.
Shekara ashirin da biyu, ta ce,
Warsito na sauke madara da shi kafin asuba,
bai taɓa zubar da ko kofi ba.
Ta yi shiru. Ta ce, sau ɗaya.

Na taka kiki, shiru.
Na sake, ya mayar mini a ƙwauri.
A na bakwai ta ajiye wuƙa ta taso:
ba a taka shi da fushi, yarinya.
Kai shi rabi, ki ji ya ja numfashi, sannan.
Ya yi tari, ya yi kaki,
ya kama magana da muryar tsoho,
kaza ta tsere.

Ba mu daɗe a ciniki ba.
Ta ƙirga kuɗin sau biyu, ta mayar mini da takarda ɗaya,
ta ce na taya ne.
Ta ɗora mini hular kwano mai warin kanumfari,
ta shige ciki tun ban juya ba.

A gangare na gane yana karkata hagu.
Nan tulun madarar yake rataye,
ƙarfe ya riƙe abin da aka saba masa.
Ni da na san hagu fiye da kowa,
na jingina dama kaɗan, muka daidaita.

A ƙofar wurin awon madara ya mutu,
ban taɓa komai ba.
Wani mutum ya fito da ludayi a hannu, yana murmushi,
ya gan ni, murmushin ya rasa inda zai sauka.
Ya riƙe mini kan babur har na tayar.

Yau kwana arba'in.
Na faɗi sau biyu, ɗaya a gaban 'yan makaranta.
Na san farashin fulogi, na san sunan matar bakanike,
baƙin da ke ƙarƙashin farcena ya ƙi sabulu,
har shugabar layi ta ce in sa safar hannu
kada in ɓata mata farin yadi.
Danang har yanzu yana cewa an cuce ni.
Jiya ya aro shi.