Ranar da Ta Cije

Da hantsi na kai ta wurin Sajan Barmo,
ɗakin makamai, bayan barikin Daura,
inda warin mai ke tarar mutum tun daga ƙofa.
Bai ɗago kai ba. Goro yake ɓarewa da farce.
"Me ta yi?"
Na ce, "Ta cije, ranka ya daɗe."
Ya ce, "Kowa haka yake zuwa ya ce mini.
Cizon kare daban, na cinnaka daban.

Bindiga ciki gare ta, Nomau, kamar ni da kai:
ta ɗauka, ta haɗiye, ta yi magana,
ta tofar da kwanso, ta sake ɗauka.
A wace gaɓa ta tsaya?"

Na ce, "Na farko ya tashi.
Na biyu ya zo bakin ƙofa ya karkace,
kamar baƙon da ya ga fuskar mai gida ya fasa shiga."

Ya zare gidan harsashi, ya leƙa,
ya ja, ya sake leƙawa, sannan ya shimfiɗa tsumma.
Ya jera ta gaɓa gaɓa,
yadda mahauci ke jera rago a kan faifai.
Ya shafa yatsa a ciki, ya nuna mini:
baƙin mai ya haɗu da yashin Kongwalam
sun zama kunu.
"Kai ka shafe ta haka? Amarya ce?
Mai kaɗan magani ne, da yawa laka."

Ya danna harsashi da babban yatsa,
ya nitse, bai yi saurin tasowa ba.
"Ga mai laifin. Sifirin ya gaji.
Ya fi ka shekaru a wannan aiki,
kuma shi ma ba a biya shi ba."
Ya yi dariya shi kaɗai, goro a haƙora.

Ban yi dariya ba.
Bai tambaye ni abin da na auna ba,
ni ma ban faɗa ba.

Asubar kasuwar Mai'aduwa ce,
mu uku a shinge, sanyi ya kama gwiwa,
ga labarin ɓarayi tun magariba.
Inuwa ta fito daga cikin sabara.
Na ce tsaya. Ba ta tsaya ba.
Na harba sama. Ba ta tsaya ba.
Na sauke baki daidai ƙirji,
na ja kunama,
ƙarfe ya ce ƙyas, ya yi shiru.

Sai fitilar Kofur Tanimu ta faɗa kansa:
tsoho ne, kurma, da jaki,
mangala cike da albasa.
Ya ɗaga mana hannu yana murmushi,
ya zaɓo manya guda biyu ya miƙo mini.

Sajan ya wanke, ya goge, ya sa sabon sifirin,
ya harhaɗa ta ba tare da ya duba ba.
Ya ja, ta amsa. Ya sake ja, ta amsa,
sumul, kamar ƙofar da ta sha mai.
"Je ka. Daga yau ba za ta ƙara yi maka gardama ba."

Wannan maganar ce ta hana ni barci.

Tsohon sifirin yana kwandon shara,
na sunkuya kamar mai gyara takalmi
na sa shi a aljihu.
Yana nan har yau, kusa da katin aiki.
Albasar kuwa Hajara ta yanka a miya,
ta ce ba ta taɓa ganin mai yaji irinta ba,
tun da har ni da ke zaune a tsakar gida
ta sa ni hawaye.