Hancin Da Barmu Ya Ba Ni

Yau an share filin gidan matasa, an yayyafa ruwa,
an jera bencina har gindin dalbejiya,
magajin gari ya zo da jawabi a aljihu,
wai za a raɗa wa wani lungu sunanka, Barmu.
Ni aka ce in ja ƙyallen da ya rufe allo.
Ni, duk faɗin Maradi!

Ɗan Tsahara mai ƙuli-ƙuli a Bagalam,
wanda mushe ya kora daga lakkol
don ya yi masa wuyan zalɓe a bayan littafi.
Gawayin murhun uwarka ka fara sata,
takardar buhun siminti ce allonka.
Ba ka taɓa hawa dandamali ba.
Ƙarshen benci ne wurinka, kusa da fitila,
gwiwa ce tebur,
muna wasa kana auna mu
yadda mahauci ke zagaya sa kafin ya taya.

Shekarar da gyaɗa ta yi arha na fito a jandarma,
wandon kaki na aro, gashin baki na tawada,
na daka tsawa har yara suka shige zannuwan uwayensu.
Gari na wayewa ga ni manne a bangon tasha.
Layi bakwai, na ƙirga su:
hanci kamar goran fura,
kafaɗar hagu ta sauka, ta dama na neman faɗa,
da idanu biyu ƙanana
masu tsoron abin da bakin ke faɗi.
Aka yi ta dariya har Tibiri.
'Yan kamasho suka sa mini Na-Hanci, ya bi ni.
Shekara goma sha ɗaya ban amsa sallamarka ba.

Ka tafi Yamai, daga can muka ji ka a bakin teku.
Aka ce ɗan wasan da alƙalaminka bai tsokana ba
bai iso ba tukuna,
masu manyan sunaye na layi su sha zagi.
Mu nan muna da namu tun ba a saye:
Kulu dillaliya, da ka yi ta hannuwa zalla da wushirya,
da tsoho Nomau, Allah ya jiƙansa,
wanda dariyarsa ba ta saura ko'ina ba
sai a takardarka da gara ta ci wa gefe.

Jiya jikata Sahiya na binciken akwati
ta zaro tawa daga ƙarƙashin rigar salla.
Ta dubi takarda, ta dube ni,
ta ce, Kaka, wa ya ɗauke ka hoto?
Na ari madubin wanzami.
Kumatu sun faɗa, sun bar hanci shi kaɗai a fili,
kafaɗar ta sauka da kanta.
Shekara arba'in ina tafiya, ashe
ka riga ni zuwa inda za ni.

To, ga ka a kujerar gaba, sanda tsakanin ƙafafu,
yana ta rufe ido ɗaya, hannu na rawa.
Na ja ƙyalle, aka tafa.
Wani kyakkyawan mutum ne a allon,
an miƙe masa wuya, an rage masa kunne,
an cike giɓin da muka sani.
Ka matso, ka daɗe kana leƙe,
ka ce, wannan ɗan wace unguwa ne?

Magajin gari ya gyara murya, ya shiga shafi na biyu.
Ni kaɗai na ga yatsarka
tana yawo bisa gwiwa, tana lanƙwasa.
Na san wannan tafiyar.
Na zaro biro daga hulata, na miƙa maka.
Wa alaikumus salam, Barmu.
Fara da kunnuwan.